Tsohon gidan gado a George Town: a gyara, a mai da shi otal, a bar fuska kawai, ko a sayar?

Wannan rubutun saboda wani abokina na yi shi, tare muka yi karatun zanen gine-gine a jami'ar USM da ke Penang a ƙasar Malesiya. Musulmi ne, asalinsu Indiyawan garin ne, kakansa ya rasu Allah ya jiƙansa ya bar gida ɗaya a tsohon garin George Town, babban birnin Penang, ba nisa da Masallacin Kapitan Keling, kuma har yau magada sun kasa tsayar da magana. Baffansa yana son a sayar a raba kowa ya kama gabansa, gwaggonsa tace ita a nan aka haife ta ba inda za ta, ga wani ɗan kasuwa yana ta zarya da maganar otal, baban abokin nawa kuma ya juyo kansa yace toh kai da ka karanta abin sai ka faɗa mana. Abinda na rubuta masa ne na faɗaɗa, don na san ba su kaɗai bane a wannan tsaka mai wuyar.

Irin gidan da suke kira rumah kedai ne, shago a ƙasa, wurin kwana a bene. Fuskarsa siririya ce amma in ka shiga sai ka yi ta tafiya kamar ba zai ƙare ba. A gaba akwai baranda mai rufi da ta haɗe da ta maƙwabta, suna ce mata kaki lima, wato ƙafa biyar, mutum zai bi layi guda rana ba ta taɓa shi ba ruwan sama bai jiƙa shi ba. A tsakiya kuma an bar fili ba rufi, kamar tsakar gidanmu amma ƙarami, ta nan haske ke saukowa zafi kuma ya fita. Ranar da na fara shiga gidan nasu ana ruwa, na tsaya ina kallon ruwan yana zuba kan dutsen da aka shimfiɗa a wurin, ba fanka ba AC amma sanyi har cikin ƙashi, wallahi tun ranar nake ganin girman maginan da.

Garin kansa tun 1786 yake, lokacin da Francis Light ya kafa shi wa kamfanin Turawan Ingila mai kasuwanci da Indiya. Abinda ya tsare waɗannan gidajen shekara da shekaru ba ƙaunar tarihi bace, dokar ƙayyade kuɗin haya ce ta 1966, mai gida ba ya iya ƙara haya yadda yake so, ba ya iya korar ɗan haya cikin sauƙi, don haka bai rushe ba amma kuma bai gyara ba. Da dokar ta daina aiki a farkon shekarar 2000 sai haya ta tashi mutane suka fara watsewa. A watan Yulin 2008 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka George Town da garin Melaka cikin wuraren tarihi na duniya, daga nan farashi ya haukace, gidan da ake ganin kango ne ya koma ana maganar miliyoyin ringgit, kuɗin Malesiya. Rikicin dangin abokina daga nan ya samo asali.

Ma'aunin da zan bi

Na farko doka, don ba amfanin yin lissafi kan abinda ba za a bar ka ka yi ba. Yankin da aka kare kashi biyu ne, cibiya mai kusan hekta 109 da kuma zoben da ya kewaye ta mai kusan hekta 150, a ciki sabon gini ba ya wuce mita 18 a tsayi, kuma tsofaffin gidajen an kasa su rukuni-rukuni, mafi yawan gidajen shago suna rukuni na biyu, ba a rushe su, gyara ma sai da izinin majalisar birni. Na biyu kuɗi, na farawa da na riƙewa. Na uku ƙarko. Na huɗu sauƙin aiki, wato samun magina da kuma tsawon lokaci. Na biyar kasada. Na shida kuma wanda dillalai ba sa sakawa a lissafi, waye zai kwana a gidan bayan an gama. Ƙidayar da aka yi a yankin ta nuna mazauna sun haura 10,000 a 2009, zuwa 2019 sun koma ƙasa da 7,000, kuma gidan da ba kowa a ciki shi ya fi saurin lalacewa don ba mai ganin yoyo ranar da ya fara.

Maganar ƙarko sai na ɗan tsaya a kanta, don duk sauran a kanta suke tafiya. Gidajen nan da jan bulo aka gina su aka haɗa da farar ƙasa, wadda Turawa ke ce wa lime, fulastar ma ta farar ƙasa ce, ƙasan wurin kuma ruwa a kusa yake ga gishirin teku. Bango yana tsotsar danshi daga ƙasa kullum, farar ƙasa tana barinsa ya fita ta bushe. In ka zo ka shafe shi da siminti ka bi da fenti mai sheƙi ka toshe masa hanya kenan, ruwan sai ya ƙara hawa sama, gishirin ya taru a ciki yana cin bulon. A gidan abokina wani ya yi wannan aikin a bangon ɗakin girki shekarun baya, na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa naji yana ƙara kamar ganga, muka ɓamɓare kaɗan sai ga bulo yana zuba kamar garin yaji, ga farin gishiri ya kwanta a kai. Duk wanda ya taɓa ganin an yi wa katangar ƙasa fulastar siminti a Kano ko Zariya, bayan damina biyu uku ta ɓallo gaba ɗaya ta taho da naman bangon, ya san abinda nake nufi, magabata ba banza suke yaɓe da makuba ba. Sai kuma gara. Bene da matakala da azarar rufi duk katako ne, inda yoyo ya jiƙa nan gara ke fara sauka, akwai wani gungumen da ke riƙe da bene na soka masa sukundireba ta shige kamar cikin biredi alhali daga waje lafiya lau yake.

Zaɓi na ɗaya: cikakken gyara irin na asali, dangi su ci gaba da zama

A nan za a kwashe mutane da kaya, a sauke rufi a sake jera tayil ɗin jar ƙasa, a cire duk siminti, a zuƙe gishirin bango, a mayar da fulastar farar ƙasa, katakon da ya mutu a sa irinsa. Wajen doka ba matsala, shi hukuma ta fi so. Wajen ƙarko ba na biyunsa, in an yi da kyau jikoki ma za su gada. Amma yana cin kuɗi sosai kuma a dunƙule, katako mai ƙarfi irin chengal yanzu tsada gare shi, masu iya aikin farar ƙasa sun yi ƙaranci kuma yawanci dattawa ne, ita farar ƙasar ma sai an jiƙa ta ta daɗe a ruwa, kowane shafi sai ya sha iska kafin a ɗora wani, ba aikin gaggawa bane. Kasadarsa ita ce sai an buɗe ake ganin ainihin ɓarnar, lissafin da aka yi da farko da wuya ya tsaya inda yake. Akwai lokacin da tallafi ya samu, hukumar Think City da aka kafa a 2009 ta zo da asusun ringgit miliyan 20 don irin waɗannan ayyukan a George Town, kuma ofishin GTWHI mai kula da yankin tarihin, da aka buɗe a 2010, yana ba masu gida shawara, amma kar mutum ya fara sauke rufi da dogaron kuɗin da bai shigo hannunsa ba.

Zaɓi na biyu: gyara kaɗan-kaɗan, rufi da magudanar ruwa farko

Wannan ba ya cikin abinda dangin suke gardama a kai, ni na ƙara shi, kuma ba zan ɓoye ba shi na fi karkata gare shi. Shekarar farko a toshe yoyo, a gyara indararo da kwata, a kira masu maganin gara, a tokare duk katakon da ya raunana, a sake wayar wuta don gobara a irin layin nan ba gida ɗaya take ci ba. Shekara ta gaba a cire simintin bango ɗaya a bar shi ya bushe. Haka haka. Shagon ƙasa yana ci gaba da kawo haya, hayar ce ke biyan aikin, gwaggo kuma tana ɗakinta. Kuɗin farawa kaɗan ne in aka kwatanta da sauran, izini ma ya fi sauƙin samu tunda ba fasali ake canjawa ba. Aibinsa a fili yake, zama cikin ƙura da ƙarar guduma, gidan ba zai yi kyan hoto da wuri ba, kuma in aka tara kuɗin shekarun duka zai iya kamo na cikakken gyara. Babbar kasadarsa mutane ne, in ba mutum ɗaya tsayayye da zai riƙe asusu da littafi, shekara biyu za a yi a watsar, kowa yace ai wane ne zai yi.

Zaɓi na uku: a canja masa aiki, otal ko gidan shan kofi

Shi ne mai ƙyalli, kuma akwai inda ya yi kyau ƙwarai. Gidan Cheong Fatt Tze, shuɗin gidan nan da ke titin Leith, cike yake da 'yan haya ya lalace kafin wasu 'yan garin su saye shi wajen 1990 su gyara, a 2000 ya samu lambar yabo ta UNESCO, yau otal ne kuma ana zagayawa da baƙi. A Singafo tsohon babban gidan waya na 1928 shi ya koma otal ɗin Fullerton a 2001. Amma ka lura waɗannan manyan gine-gine ne masu ɗakuna da yawa. Gidan shago ɗaya siriri ɗaki nawa za ka fitar? Kuma kowane ɗaki baƙo yana son banɗakinsa, ka ga an shigo da famfo da bututu kan benen katako kenan, ruwan da muke gudu mun kawo shi da hannunmu. Sannan AC, da zarar an saka sai a ga filin tsakiya yana zubar da sanyi a rufe shi da gilashi, gidan ya daina numfashi. Ga sharuɗɗan 'yan kwana-kwana, Bomba suke ce musu, ƙofar tsira, kariyar wuta a katako, ga lasisi. Kuɗin farawa ya fi na kowane zaɓi, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko masu kuɗin gaske ba su tsira daga kasada ba, tsohon ofishin 'yan sanda da kurkuku na Hong Kong da ake kira Tai Kwun ya ci dalar Hong Kong biliyan 3.8 kafin a buɗe shi a 2018, kuma ana cikin aikin a 2016 wani sashe na ɗaya daga cikin gine-ginen ya rufta. Sai kasuwa, a watan Maris na 2020 da aka kulle ƙasa saboda korona titunan da ba a samun wurin taka ƙafa suka zama wayam, wanda ya ci bashi ya yi otal shi ya san yadda ya kwana.

In dole sai an bi wannan hanyar, gara a ba ɗan kasuwan haya ta shekaru da yarjejeniya a rubuce gaban lauya, shi zai yi gyaran da kuɗinsa, ba zai rufe filin tsakiya ba, ba siminti a tsohon bango, kuma gidan na nan a sunan dangi.

Zaɓi na huɗu: a bar fuska a rushe ciki

Wato a tokare bangon gaba da ƙarafa, a kwashe duk abinda ke bayansa a zuba kankare. Masu kwangila suna son shi don aikin da suka saba ne, ma'aikata ko'ina akwai, fili yana ƙaruwa. Ni dai a wurina kitso ne da ƙwarƙwata. A cikin yankin da aka kare samun izininsa abu ne mai wuyar gaske, don ba fuska kaɗai ake karewa ba, har fasalin rufi da filin tsakiya. A wajen yankin kuma inda zai yiwu, matsalar ita ce bangon gefe na tarayya ne kai da maƙwabci, kuma da yawa daga cikin gidajen a kan turakun bakau, wani itacen bakin teku, suke zaune, wanda ke ƙarko muddin yana cikin ruwa, in aka yi haƙa mai zurfi ruwan ƙasa ya janye sai ya fara ruɓewa gida ya zauna. An gani a shekarun 1990 lokacin da ake haƙa harsashin wani babban ginin kasuwa kusa da dogon benen nan na tsakiyar garin da ake kira Komtar, gidaje da yawa a kewayen suka tsattsage. Sabon kankaren zai yi ƙarko, amma mahaɗarsa da tsohon bango nan ne tsaga ke fitowa, don ɗaya yana motsi ɗaya ba ya yi.

Zaɓi na biyar: a sayar

Shi ya fi sauƙi, kuma ban ga laifin baffa ba, gado haƙƙi ne, mutum yana da 'ya'ya a makaranta yana da bashi, ba za ka ce masa ya ci tarihi ba. Kuɗi zai zo a dunƙule a raba bisa fara'id a huta. Abinda za a sani shi ne ba a dawowa, wanda ya fita daga tsohon gari a farashin yau da wuya ya sake shiga. Kuma ba ka da iko kan abinda mai saye zai yi. A cikin yankin doka za ta hana shi rushewa amma ba za ta hana shi kulle gidan ya jira farashi ba. A waje kuwa tarihi bai ba da kwanciyar hankali ba, otal ɗin Metropole ranar Kirsimeti ta 1993 aka rushe shi, a 2010 ma an rushe wani tsohon gida a titin Pykett ba izini, tarar da kotu ta yanke ringgit 6,000 ce, kuɗin da bai kai na tayil ɗin falo ba.

| Zaɓi | Kuɗin farawa | Ƙarko | Sauƙi | Kasada | Izini a yankin da aka kare |
|---|---|---|---|---|---|
| Cikakken gyara | mai yawa | mafi kyau | wuya, magina kaɗan | lissafi ya zarce | ana samu |
| Kaɗan-kaɗan | kaɗan | mai kyau in an ɗore | matsakaici, yana jan lokaci | a gaji a bari | ya fi sauƙi |
| Otal ko kofi | mafi yawa | ya danganta da famfo da AC | wuya, ga lasisi | bashi da faɗuwar kasuwa | da sharuɗɗa |
| Fuska kawai | mai yawa | mahaɗa na tsagewa | sauƙi wa ɗan kwangila | bangon maƙwabci, tara | da ƙyar |
| Sayarwa | babu | ba a hannunka yake ba | mafi sauƙi | ba dawowa | ba a buƙata |

Wasu za su ce ai Singafo ta riga ta nuna hanya, kuma gaskiya tun 1989 hukumar tsara birninsu ta fara kare unguwanni irin su Kampong Glam da Boat Quay, yau gine-gine sama da 7,000 ke ƙarƙashin kariya, tsaf-tsaf kamar jiya aka gina. Na zaga Kampong Glam na yi salla a Masallacin Sultan, gine-ginen sun burge ni, amma yawancin benayen ofisoshi ne da wuraren cin abinci. A George Town har yanzu akwai layin da za ka ji ƙamshin kayan yaji daga shagon da uba ya gada wurin kaka, ka ga shanya a bene, yara suna dawowa daga makarantar allo irin tasu da yamma. Gidaje da dama a kewayen Masallacin Kapitan Keling wakafi ne, shi yasa ba su shiga kasuwa ba, kuma wannan ma ƙofa ce ga wanda yake da hali yake son gidan ya tsaya ba tare da jikoki sun sake wannan rigimar ba.

Toh wa ya dace da me. In dangi suna da kuɗi a hannu ba na bashi ba, kuma akwai inda za su zauna shekara ɗaya ko fiye, su yi cikakken gyara, su nemo maginin da zai nuna musu bangon farar ƙasa da ya yi shekaru biyar baya su je su taɓa da hannunsu. In gidan babba ne ko gidaje biyu uku ne a jere, kuma akwai ɗan kasuwa mai jarinsa da zai karɓi sharaɗi a rubuce, otal zai iya biya. In gidan yana wajen yankin, cikinsa ya riga ya rufta ko gobara ta cinye ba abinda ya saura sai bangon gaba, nan ne kaɗai zan yarda da barin fuska, shi ma bayan injiniya ya duba harsashin maƙwabta. In magada sun yi yawa, ba mai zama a ciki, ba mai iya sayen kason wani, a sayar tun rufi bai faɗo ba, don kowace damina tana rage farashi kuma tana ƙara gaba tsakanin 'yan'uwa.

Su kuma dangin abokina, da ke da dattijuwa a bene da shago mai kawo haya a ƙasa da ɗa wanda ya san aikin, na ce masa a kira mai kimanta gida a san kason baffa, babansa da gwaggo su saye shi ko da biya kashi-kashi ne, a rubuta a sa hannu gaban shaidu. Sannan kafin ruwan ƙarshen shekara ya sauko, irin wanda ya cika garin a watan Nuwamban 2017, ya hau rufin nan da kansa ya ƙirga tayil nawa suka fashe, ya fara da gungumen da sukundireba ta shige.